Ƙaramin Injin Iska na Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙirarsa da Kare Shi daga Guguwa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu son kafa injin iska a gida ko a gona, galibinsu mutanen da suka riga suna da sola suna neman ƙari. Na jera su daga na mai shirin saye zuwa na wanda injinsa ya riga ya hau turke. Wanda yake karanta wannan alhali hadari ya haɗo masa, ya tsallaka zuwa tambaya ta 11.

1. Wai yaya injin iska yake ba da wuta?

Fanka ce aka juya aikinta. Ta ɗaki tana cin wuta ta ba da iska, shi kuwa iska yake ci ya ba da wuta. A sama akwai fukafukai, galibi uku, da janareta mai mayen ƙarfe da kwayil, da jela mai juya fuskar injin zuwa inda iska take tasowa. A ƙasa kuma akwai rektifaya da ke mayar da wutar irin wadda batir yake karɓa, sai kwantirola, da batir, da makunnin birki, da wata hita da ake zuba rarar wuta a cikinta. Na gida shi ne wanda faɗin da'irar fukafukansa bai wuce mita 1 zuwa 4 ba.

2. Ta yaya zan san ko iskar garinmu za ta isa?

Nan ne mutane da yawa suke yin asara tun kafin su sayi komai. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: in gudu ya ninka biyu, ƙarfi ninkawa yake yi takwas. Ɗauki inji mai faɗin mita 2. A iska mai gudun mita 3 a sakan, abin da zai ba ka bai wuce wat 15 ba. A mita 5 zai ba da wajen wat 70, a mita 10 kuma ya haura wat 500. Inji ɗaya ne, turke ɗaya, iska ce kawai ta sauya.

A Najeriya, can arewa wajen Katsina da Sakkwato da Kano, da kuma tsaunukan Jos, sun fi kudu iska nesa ba kusa ba. Ba banza ba aka kai babban aikin injinan iska na megawat 10 Lambar Rimi a jihar Katsina, kuma tun kafin shi an gwada wani mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada a jihar Sakkwato. Amma sunan jiha ba ya caja batir. Abin lura shi ne filinka kai kanka. Taswirar Global Wind Atlas kyauta ce a intanet, za ta ba ka kintace, sannan ka haɗa da idonka: in ganyaye suna kaɗawa ba tsayawa kuma tuta ta miƙe, iskar tana tsakanin mita 3 da 5, in ta fara ɗaga ƙura da takardu ta kai 6 ko 7, in ƙananan bishiyoyi suna rangaji ta haura 8.

Ka lura na tsawon watanni, ba kwana uku na tsakiyar hunturu ba. Wurin da matsakaicin iskarsa a shekara bai kai mita 4 a sakan ba, shawarata ka ƙara faifan sola ka huta. Duba tambaya ta 4.

3. Na ga wani a kasuwa an rubuta wat 1,000 a kwalinsa, kuma da araha. In saya?

Ka manta da kwali, ka nemi tef ka auna fiffike. Girman da'irar da fukafukai suke shara shi ne gonar injin, kuma ba a girbe abin da ya fi gona. In faɗi ya ninka biyu, wuta ninkawa take yi huɗu. Yawancin irin waɗannan na kasuwa faɗinsu bai wuce mita 1.2 ba. Ko a iska mai mita 12 a sakan, wadda ba ta kowace rana ba ce, duk ƙarfin da ke ratsa wannan da'ira bai kai wat 1,200 ba. Tun wajen shekara ɗari da suka wuce wani masani Bajamushe mai suna Albert Betz ya nuna cewa babu injin da zai tatsi fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iska, kuma ƙananan injuna da ƙyar suke wuce kashi 30. Ke nan wat 350 ne gaskiyar abin, shi ma a ranar da iska ta yi kyauta.

Tambayar da ta fi ta wat muhimmanci ita ce: yaya injin nan yake kare kansa in iska ta yi yawa? In mai shago ya yi shiru, ko ya ce ai mai ƙarfi ne, ka mayar da kuɗinka aljihu. Bayanin yana tambayoyi na 8 da 9.

4. Tsakanin iska da sola, wanne ya fi?

A ƙasarmu sola ce uwa. Inji mai faɗin mita 2 a wurin da matsakaicin iska yake mita 4 zai ba da yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi na wuta (irin yunit ɗin da mita take ƙirgawa) a wuni, kusan abin da faifan sola ɗaya mai wat 300 yake bayarwa ba tare da boris ko turke ba. Inda injin iska yake fanshe kuɗinsa shi ne lokacin da hazon hunturu ya dushe rana kuma ƙura ta lulluɓe faifai, da ranakun lumshi na damina, da daren da iska ta samu. A haɗa su kan batir ɗaya, kowanne da kwantirolarsa.

5. Zan iya ɗora shi a kan rufin ɗaki?

A'a. Iskar da ta bugi gini ko bishiya hargitsewa take yi kamar ruwan da ya faɗo daga indararo, sai injin ya yi ta waiwaye hagu da dama, ba wuta sai lalacewar boris. Ga kuma girgiza da ke bin ƙarfe ta shiga gini. A ɗakin kwano ba mai barci, a ginin ƙasa kuwa bango ne zai fara tsagewa. Ranar guguwa kuma ka ba wa iska mariƙin da za ta yaye rufin da shi.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce ƙasan fiffike ya ɗara duk wani abu da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 9. A fili fetal turke mai mita 12 yana iya wadatarwa. A unguwa mai dogayen darbejiya abin ya wuce haka, kuma kada ka manta bishiya girma take yi. Gwaji mai sauƙi: ɗaura dogon ƙyalle a kan gora ka ɗaga. Inda ya miƙe sak ya zauna a haka, iskar wurin lafiyayya ce. Inda yake murɗewa yana dukan gorar, ƙara tsawo ko ka sauya wuri. Kuma a bar tazarar da in turken ya faɗi ba zai taɓa ɗaki, garke, hanya ko wayar lantarki ba.

6. Fiffike nawa ya kamata? Kuma masu kama da ganga a tsaye fa?

Uku. Biyu sun fi gudu amma suna karkarwa duk sanda injin ya juya fuska. Masu fukafukai da yawa, irin na tsofaffin famfunan iska na rijiya, ƙarfin murɗa gare su ba gudu ba, sun dace da jan ruwa, janareta kuwa gudu yake so. A inji mai uku, bakin fiffike yana gudu kamar ninki shida na gudun iska. In iska tana mita 10 a sakan, bakin nan ya haura kilomita 200 a awa. Shi ya sa dole nauyin ukun ya zo daidai: kafin a ɗaga, a juya su a wurin da ba iska, in kullum fiffike ɗaya ne yake komawa ƙasa, a ƙara ɗan nauyi a ɗaya ɓarin har su riƙa tsayawa ko'ina.

Masu tsayuwa irin na rabin ganga suna burge ido kuma suna juyawa ko da 'yar iska ce, amma wutarsu kaɗan ce, kuma ba su da jelar da za ta kautar da su daga guguwa. Kowace kusurwa iska ta fito, a gabanta suke.

7. Zan iya ƙera nawa? Altanetar mota za ta yi?

Ƙerawa tana yiwuwa, kuma ƙirar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta Hugh Piggott, mutumin Scoraig a Sikotland: fukafukan katako da aka sassaƙa da hannu, faifan ƙarfe biyu masu mayen ƙarfe, kwayil da aka daskarar cikin roba a tsakaninsu, duka a kan boris ɗin ƙafar mota. Kafinta da mai walda da mai naɗin kwayil, in suka haɗa kai suka bi awo, sun gama. Daɗin abin shi ne duk abin da ya lalace akwai mai gyaransa a gari. Katakon ya zama busasshe, miƙaƙƙe, marar gaɓa, a shafe shi da fenti mai kyau. Fiffiken da aka yanko daga bututun roba yana aiki, amma ranarmu tana gasa shi har ya zama kamar ƙwai, guguwar farko ta tarwatsa shi.

Altanetar mota kuwa ɓata lokaci ce. Ba ta fara caji sai ta haura juyi dubu a minti, fukafukai kuma ɗaruruwa suke yi, ga shi ita kanta tana shan wuta kafin ta bayar. In za ka zaɓi tsarin batir, volt 24 ko 48 ya fi 12, domin turke yana nesa da ɗaki: duk sanda ka ninka volt, asarar da ake yi a waya tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

8. Me ya sa guguwa take kashe injuna haka, alhali don iska aka yi su?

Saboda iskarmu fuska biyu gare ta. Kusan duk shekara lallausa ce, wadda take tilasta maka manyan fukafukai da dogon turke. Sai a ƙarshen bazara da farkon damina, wajen Mayu da Yuni, gabas ta yi ja, gari ya yi tsit, a cikin 'yan mintoci iska ta tashi daga kusan babu zuwa mita 25 a sakan ko fiye, wato kilomita 90 a awa. Ƙarfin da ke cikinta ya ninka na iskar mita 5 sau 125, turin da take yi wa turke kuma sau 25. Manyan fukafukan nan da suka taimake ka a watan Maris su ne kayan karan da iska za ta wahalar da kai a kansu.

Hanya uku injin yake mutuwa: gudu ya wuce kima fiffike ya fita, ko kwayil ya yi zafi ya ƙone, ko turke ya kwanta. Kariya ma uku ce, kuma ba wadda take maye gurbin 'yar'uwarta: jela mai naɗewa a tambaya ta 9, kaya da birki a ta 10, turke mai saukowa a ta 12.

9. Mece ce jela mai naɗewa? Nawa yana karkacewa in iska ta yi ƙarfi, ko ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. A wannan ƙira ba a ɗora janareta daidai tsakiyar turke, ana ɗan gusar da shi gefe, don haka iska kullum tana ƙoƙarin juya fuskarsa. Abin da yake hana ta shi ne jela, wadda aka rataya a kan maƙalli mai karkata, nauyinta ya riƙe ta a miƙe. In iska ta kai wajen mita 10 zuwa 12 a sakan, turin ya fi ƙarfin nauyin jelar, sai ta ɗaga ta naɗe, fukafukai su ba iska gefe. Da ta lafa, nauyi ya dawo da ita. Ba waya, ba batir, ba sai kana gida ba.

Nauyin jela shi ne ma'auni. In ta yi nauyi, injin zai makara wajen kaucewa har kwayil ya ƙone. In ta yi sakayau, zai riƙa gudun iskar da ya kamata ya ci. Na taɓa ganin wanda ya ga jelarsa tana naɗewa ya ɗauka sakaci ne na maƙeri, ya sa aka walde ta. Bai ga ƙarshen wannan daminar da injin ba. Kafin kowace damina a ɗaga jelar da hannu a sake ta: ta dawo da kanta sumul. In ta cije, ƙurar hunturu ce da tsohon giris, a wanke a sa sabo.

10. Me ya sa ake cewa kada a cire batir alhali injin yana juyawa?

Domin batir shi ne linzaminsa. Wutar da ake ja daga janareta ita take riƙe gudunsa. Da an yanke ta, ya zama doki ba mahayi. Ni kaina da haka na koya. Wata ranar Mayu da la'asar na cire batir na kai ɗaki don a kunna fanka, na bar wayoyin a sake, gari kuwa ba ko motsin ganye. Kafin magariba na ji wani irin kuka daga bayan gida kamar jirgi mai saukar ungulu, turke yana rawa, wayoyin ɗauri suna kaɗawa kamar tsirkiya. Sai ƙara ɗaya, sai shiru. Da safe muka tsinci fiffike a soke cikin dangar maƙwabci, taku kaɗan daga inda akuyarsa take ɗaure.

Saboda haka kwantirolar sola ba ta yi wa injin iska. Ita in batir ya cika yanke layi take yi, faifai ba ruwansa. Ta iska kuwa karkatar da wutar take yi zuwa hita, injin ya ci gaba da jin kaya. Hitar ta zama mai iya shanye duk abin da injin zai iya bayarwa, a kafa ta nesa da katako da labule domin zafi take yi sosai. Masu batirin litiyam su ƙara kula: akwai na'ura a cikinsa da take yanke caji da kanta in ya cika, don haka a saita kwantirola ta fara zuba wuta a hita kafin batirin ya kai wannan matsayi.

Birki kuma makunni ne da yake haɗe wayoyi ukun da suka sauko daga janareta wuri guda, sai juyawa ta yi masa nauyi ya tsaya ko ya riƙa jan ƙafa. A sa shi tsakanin turke da rektifaya, ba ta ɓangaren batir ba, in ba haka ba batirin za ka haɗe, kuma gobara ce. Duk aikin da za a yi a kan batir ko waya, birki tukuna.

11. Hadari ya haɗo. Me zan yi yanzu?

Ka ja birki tun gari yana tsit, a wannan ɗan shirun da yake zuwa kafin ƙura. Injin da ke tsaye, birki yana riƙe shi cikin sauƙi. Wanda ya riga ya ɗau gudu a tsakiyar guguwa, wani lokaci iska tana fin ƙarfin birkin, ya ci gaba da juyawa duk zafin yana taruwa a kwayil. In ka makara ka ja kuma ka ga bai rage gudu cikin 'yan sakanni ba, ka saki, ka bar jela da hita su yi aikinsu, ka sake gwadawa in ta ɗan lafa.

Sannan a janye yara da dabbobi daga kewayen turke, a cire inbata da kayan wuta masu tsada daga layi. Kada a cire batir. Kada a hau turke, kada a ce za a kwantar da shi a lokacin, kada a taɓa wayar ɗauri ana walƙiya. In ka ji ƙarar da ba ka saba ji ba, daga cikin ɗaki za ka saurare ta.

12. Wane irin turke ya fi jure guguwa?

Wanda za a iya kwantar da shi. Bututun ƙarfe mai kauri, da maƙalli a gindi, da wayoyin ɗauri ta kusurwa huɗu, da wani gajeren bututu a gindi da ake ja da shi don ɗagawa da saukewa. Huɗu, ba uku ba, domin na gefe biyu su ne suke riƙe shi kada ya kauce yayin da yake sauka. Ba dabarar talaka ba ce kawai: injuna 37 na Lambar Rimi, masu kilowat 275 kowanne, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa ne, an yi su ne musamman yadda za a kwantar da su ƙasa, domin tsibirai masu fama da mahaukaciyar guguwa.

Nisan kowane maɗauri daga gindi ya kai aƙalla rabin tsawon turke. A binne shi cikin kankare mai zurfi, musamman a jigawa, domin rairayin da ya riƙe ƙarfe gam a rani sakinsa yake yi in ya sha ruwa. Waya ta zama ta ƙarfe mai silli da yawa, kowane baki da maƙalai uku, ba wayar shanya ba. Ɗaurin na sama ya zauna ƙasa da inda bakin fiffike yake wucewa, kuma a bar tazara tsakanin fiffike da turke, don fiffike yana lanƙwasa baya in iska ta matsa shi. A kewaye maɗaurai da ƙaya ko shinge. Shanu suna son soshe-soshe a jikinsu. Ɗagawar farko a yi ta da turke tsirara, ba inji, da sassafe, kuma ba mai tsayawa a ƙarƙashi.

13. Tsawa fa?

Dogon ƙarfe a fili kiran tsawa ne. A kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla a gindin turke da kuma wajen kowane maɗauri, a haɗa su da waya mai kauri, miƙaƙƙiya ba mai lanƙwasa ba. A busasshiyar ƙasa sanda ɗaya ba ta isa, a ƙara, a kai su inda danshi yake. Wayar da ta taho ɗaki a binne ta, a sa mata na'urar kare tsawa kafin ta shiga kwantirola. Wannan yana maganin wutar da tsawar kusa take cusawa a waya, wadda ita ta fi yawan ƙona kaya. In kuwa aradu ta faɗo kan turken kai tsaye, sai abin da Allah ya tsare.

14. Me zan duba bayan guguwa, kuma sau nawa ake sauke shi a shekara?

Washegari ka zaga maɗaurai ka ga ko ƙasa ta tsage ko kankare ya ɗago, ka taɓa kowace waya ka ji ɗaurinta, ka tsaya nesa ka duba ko turke yana nan a miƙe. Saki birki ka saurara. Karkarwar jela alamar nauyin fukafukai ya saɓa ce, gurnani boris ne. In iska tana kaɗawa amma injin yana jan ƙafa kamar an ja birki, wayoyi sun haɗe a wani wuri ko rektifaya ta ƙone. In kuma yana gudu fiye da kima ba caji, waya ta tsinke, a tsayar da shi nan take. Wayar da take saukowa ta cikin bututu tana murɗewa saboda juye-juyen injin, a ja birki, a zare ta daga gindi a warware.

Saukewa sau biyu: a Afrilu kafin hadarin farko, da kuma bayan damina kafin hunturu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ta Afrilu za ka tarar ƙura ta cinye fentin gaban fiffike kamar an goga masa sanfefa, a cike a sake fenti, a sa giris, a ɗaure notuna, a gwada jela. A ta bayan damina tsatsa ake nema, musamman a jikin mayen ƙarfe, don da ruwa ya sami kafa kumbura yake yi har ya fara gogar kwayil.

15. Zan yi doguwar tafiya a damina. In bar shi yana aiki?

In akwai wanda ya san makunnin birki kuma zai kasance a gida, kuma ka gwada jela da hita da idonka, bar shi. Ka rubuta "birki" da fenti a jikin makunnin, ka nuna wa uwargida da babban yaro, su ja su saki a gabanka. In gidan zai zama ba kowa, kwantar da turken, ka ɗora kansa a kan gammon taya, ka kwance fukafukan ka shigar da su ɗaki, ka rufe janaretan da leda ta yadda ruwa ba zai kwanta a ciki ba. Sola ta riƙe batir har ka dawo.